Haƙorina Ya Yi Shiru, In Lallaɓa Mu Je Yankari Mu Dawo?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Kano, shekarata 34, 'ya'yana uku. Bara aka cire mini haƙori, turmin ƙasa na hagu. Allura biyu aka yi mini, leɓena ya yi nauyi, amma da aka kama haƙorin sai na ji zafi har tsakiyar kaina. Na yi ihu, mai cirewar ya ce raki ne kawai gare ni, wata ma'aikaciya ta danne mini kafaɗa aka ƙarasa. Bayan kwana uku wani ciwon ya taso wanda ya fi na farko, har cikin kunne, bakina yana wari, na fi mako ban yi barcin kirki ba. Na ce ni da kujerar nan har abada.

Yanzu kuma na dama ya taso. Mako biyu yana zuga da daddare, ina shan ibufurofen da Ampiclox da na saya a kemis. Yau kwana huɗu ke nan ya yi shiru, sai dai in na tauna abu a wajen, kuma wani ɗan ƙurji ya fito mini a dasashi. Maigidana ya kama mana ɗaki na kwana biyu a Yankari a hutun ƙarshen shekara, saura mako uku. Shekara 11 da aurenmu ba mu taɓa fita shaƙatawa ba, adashi ya ɗauka ya yi wannan. Ban gaya masa ciwon ba, don na san ko dai ya fasa tafiyar ko ya kai ni asibiti, kuma duka biyun ba na so. Tunda ya lafa, in lallaɓa mu je mu dawo, ko yaya kika gani?

Wa'alaikumus salam ƙanwata.

Yankari ki je da yardar Allah, amma ta ƙofar likitan haƙori za ki bi, kuma a cikin makon nan. Na san ba abin da kike son ji ke nan ba. Kin rubuto ne kina fatan in ce ai ba komai, ki zuba ƙwayoyi a jaka ki hau mota. In na faɗi haka na cuce ki.

Sai dai kafin mu je can, akwai kalmar da aka jefe ki da ita bara wadda nake so in fara cire miki daga rai, don na lura har yanzu tana ci miki tuwo a ƙwarya. Wai raki. Ba raki kika yi ba. Zafi kika ji na gaskiya, kuma yana da dalilin da duk wanda ya karanci aikin haƙori ya sani.

Allurar da ake yi kafin a taɓa haƙori, wadda galibi lidoken ce, aikinta ta toshe jijiya ta hana ta kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Tsohuwar magani ce, tun 1948 ake aiki da ita, kuma a lafiyayyen wuri cikin 'yan mintuna take kamawa. Amma haƙorin da ya kwana biyu yana zuga, wanda jijiyar cikinsa ta kumbura ta harzuƙa, sha'aninsa daban ne. Jijiyar da ta daɗe tana ciwo takan yi saurin ji, abu kaɗan sai ta ɗauka. Inda ƙwayoyin cuta suka yi sansani kuma naman wurin yakan yi tsami, maganin kuwa ba ya ratsa jijiya da kyau a wuri mai tsami. Ga shi kuma turmin ƙasa ne, wanda dama shi ya fi ba likitoci wahala. Ƙashin muƙamuƙin sama sakwa-sakwa ne, in aka zuba magani a gefen haƙori sai ya tsotse shi kamar soso. Na ƙasa tauri gare shi. Dole a je can ƙuryar baki a lalubi babbar jijiyar da ke shiga cikin ƙashin, a zuba maganin kusa da ita ba tare da ana ganin ta ba. Shi ya sa sai ki ga leɓe ya yi nauyi, rabin harshe ya mutu, amma haƙori yana nan da ransa. Nauyin leɓe ba shaida ba ce cewa haƙori ya mutu, kuma a nan ne mai gaggawa yake yaudarar kansa.

Likitan da ya san abin da yake yi, in mara lafiya ta ce tana ji, sai ya ajiye ƙarfe. Yakan ƙara jira, ya ƙara wata allurar a jikin haƙorin kansa, tsakaninsa da ƙashin da ke riƙe da shi, ko ya canza maganin, ya gwada kafin ya sake kamawa. In duk ya ƙi, a ɗaga aikin zuwa wata rana. Na san yadda asibitocinmu suke, likita ɗaya, layi har baranda, ga wuta ana jiran a ɗauke. Uzuri ne na gajiya, amma bai kai ya sa a danne kafaɗar baiwar Allah tana ihu ba. An yi miki ba daidai ba. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ya gudu, ba wanda zai ga laifinsa.

Ciwo na biyun, wanda ya taso bayan kwana uku, shi ma yana da suna a wurin likitocin haƙori, busasshen gurbi. In aka cire haƙori, jini yakan taru a ramin ya daskare, wannan gudan jinin shi ne murfin da ke rufe ƙashi har nama ya tsiro. In ya fita ko ya narke da wuri, sai ƙashi ya zauna a buɗe, iska da abinci suna taɓa shi. Ciwon yakan fara tsakanin kwana biyu zuwa huɗu, ya harba kunne da gefen kai, baki ya yi wari, daidai yadda kika faɗa. Ya fi samun turamen ƙasa, da haƙorin da aka sha fama kafin ya fita, da wanda dama akwai cuta a gindinsa, da masu shan taba, da mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa. Abin takaicin shi ne maganinsa bai fi aikin 'yan mintuna ba: a wanke ramin, a cusa wani ɗan magani mai ƙanshin kanumfari, kafin ki isa gida kin fara jin sauƙi. Makon nan da kika yi kina juyi a gado, da kin koma da an rage miki shi. To amma wa zai koma inda aka danne shi?

Yanzu ki duba abin da ya haɗa ciwon biyu. Allura ta ƙi kamawa saboda haƙorin ya riga ya harzuƙa kafin ki je. Gurbi ya bushe, wataƙila saboda cutar da ta daɗe a wurin da wahalar cirewar. Ke nan jinkiri na cikin abin da ya jawo miki azabar bara, kuma tsoron azabar bara ne yake sa ki jinkiri bana. Gudun gara ne za a faɗa gidan zago.

Shirun da haƙorin ya yi kuwa shi ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki. Haƙori ba dutse ba ne, akwai ɓargo a tsakiyarsa mai jijiya da jini. In kogo ya kai can, ɓargon yakan kumbura cikin ɗakin da ba shi da wurin faɗaɗa, shi ne zugar da ke hana barci, musamman in an kwanta. In aka bar shi sai ya mutu, matacce kuwa ba ya ciwo. Ranar mutum yake cewa alhamdu lillahi ya warke, alhali ƙwayoyin cuta sun samu gida ba mai gadi, suna bin saiwa suna gangarawa cikin ƙashi. Zafin da kike ji in kin tauna daga gindin saiwar yake fitowa. Ɗan ƙurjin nan na dasashi kuma, bisa yadda kika siffanta shi, magudanar mugunya ce da jiki ya huda wa kansa. Muddin tana zuba ciwo yana lafawa. Ranar da ta toshe, sai kumatu ya tashi. Kuma ba ta neman izinin kowa kafin ta toshe, ba ruwanta da an biya kuɗin ɗaki.

Ampiclox ɗin da kike sha ba zai kai inda cutar take ba. Magani ta jini yake tafiya, mataccen haƙori kuwa jini ya daina shiga cikinsa. Yakan rage kumburin da ke kewaye na ɗan lokaci, da an daina abu ya dawo, ga shi an koya wa ƙwayoyin cutar jure maganin. Sai an buɗe haƙorin an wanke cikinsa ko an cire shi. Ibufurofen ɗin ma mako biyu a jere ya isa haka, yana cin ciki, yana wahalar da ƙoda. In kina da gyambon ciki, ko akwai alamar juna biyu, ki ajiye shi yau ki koma farasitamol, shi ma kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya takwas na miligiram 500.

Ga kuma abin da zai faranta miki rai: haƙorin da jijiyarsa ta riga ta mutu, kuma mugunya na samun hanyar fita, galibi ya fi wanda ke tsakiyar zuga sauƙin aiki nesa ba kusa ba. Yanzu da ya yi shiru ne lokacin da kujerar za ta fi yi miki sauƙi. In kika jira ya kumbura har baki ya ƙi buɗuwa, nan ne za ki sake haɗuwa da irin ta bara.

Ba a littafi kawai na karanta wannan ba. Ni ma na taɓa yin wautar da kike shirin yi, kuma a Yankarin. Wani ciko ne ya ɓalle mini tun da azumi, nake ta cewa sai bayan Sallah, Sallah ta wuce na ce sai an yi hutu. Daren farko lafiya lau. Da sassafe muka hau motar zagaya daji, iskar hunturu tana dukan fuska, na buɗe baki zan nuna wa autana wani gwanki da ya tsaya cak a cikin ciyawa yana kallon mu, sanyi ya faɗa ramin kamar an ɗosa ƙusa an buga. Daga nan ban sake ganin dabba ba, ko da yake an ce mun wuce ɓauna. Da rana ina zaune a ƙofar ɗaki da leda a cinya, biredi da maganina a ciki, sai ga wani ƙaton gwaggon biri ya taho a tsanake kamar mai karɓar haraji. Ko kallon fuskata bai yi ba. Ya fizge ledar, ya hau can sama, ya cinye biredin, ya yayyage katin maganin yana watso mini ƙwayoyin cikin ƙasa. Yara suna dariya har da faɗuwa. Daren nan na kwana ina safa da marwa tsakanin gado da ƙofa, kanumfarin kayan shayi a kumatu, tawul a kai, ina jin kukan tsuntsayen dare ɗaya bayan ɗaya. Daga sansanin Wikki, inda ɗakunan baƙi suke, zuwa ƙofar shiga kaɗai kusan kilomita 40 ne cikin daji, zuwa garin Bauchi kuwa ya haura 100, kuma ba tafiyar da mai hankali zai yi da tsakar dare ba ce. Asuba na yi muka haɗa kaya. An yi wa yara alkawarin wanka na biyu a ruwan ɗumi na Wikki, suka yi kuka har Dindima da ke kan hanyar Bauchi. Har yau in aka ambaci Yankari a gidanmu, kumatuna ake tunawa.

To ga yadda za ki yi. Kada ki koma inda aka cire miki na bara, ba dole. A Kano akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ɗaliban haƙori na Jami'ar Bayero ke koyon aiki, akwai na asibitocin gwamnatin jiha, akwai masu zaman kansu. Ki tambayi abokan aikinki a ɗakin malamai wa ke da sauƙin hannu, za ki sha mamakin yawan masu labari, don ciwon haƙori kowa ɓoye nasa yake yi sai an taɓo zancen. Ki tabbatar cikakken likitan haƙori ne zai duba ki. Zuwan farko ki ƙudurta a ranki dubawa da hoto kawai kika je, ba wanda zai taɓa ki da ƙarfe sai kin yarda. Wannan kaɗai yana rage rabin fargaba.

Kafin ki kwanta a kujerar, tun kina zaune kina kallon idonsa, ki ce: "Likita, bara an cire mini haƙori allura ba ta kama ni ba, aka ci gaba, kuma gurbin ya bushe daga baya. Ina jin tsoro ƙwarai. Ina so a gwada a tabbatar ya mutu kafin a fara, kuma in na ɗaga hannun hagu a tsaya." Ki lura da fuskarsa. In ya saurara ya ce to, kin samu likita. In ya yi dariya ya ce ai ba komai Hajiya kwanta kawai, ki ɗauki jakarki ki yi masa sallama. Kuɗin kati kawai kika yi asara. Mu mata an raine mu da kunyar yi wa mai farar riga musu, amma bakinki ne, ba aro kika yi ba.

Abu ɗaya da ya kamata ki sani don kada ki firgita a banza: allura tana ɗauke zafi, ba ta ɗauke jin turawa da girgiza da ƙarar inji. Za ki ji ana dannawa, za ki ji kamar ana jijjiga ƙashi, wannan ba komai. Abin da za ki ɗaga wa hannu shi ne zafi mai tsini, irin wanda ke harbawa kamar lantarki. Ki nemi lokacin safe don kada ki wuni kina saƙa da warwara. Ki karya kumallo sosai, masu zuwa da yunwa ne ke suma a kujera. Ki gaya masa duk maganin da kika sha, har na kemis ɗin, da ko kina da hawan jini ko ciwon suga ko juna biyu. Ki tambaya ko suna da man da ake shafawa a dasashi kafin allura. Ki tafi da wani naki. In sauraron karatu yana kwantar miki da hankali, ki sa abin kunne, ba wanda zai hana ki.

Hanya biyu za a shimfiɗa miki, ko a cire, ko a yi aikin wanke cikin haƙorin a cire matacciyar jijiyar a cike, wanda za ki ji suna ce masa rut kanal. Cirewa ta fi araha, ta fi sauri. Ɗayan ya fi tsada, yakan ɗauki zuwa biyu ko uku, daga baya kuma a so a sa wa haƙorin hula don kada ya tsage. Hoto ne zai nuna ko haƙorin zai cetu. Amma in ya nuna zai cetu kuma aljihu zai iya, ni dai ra'ayina ki cece shi. Kin riga kin rasa turmin hagu, in na dama ya bi shi, da me za ki ci naman Sallah kina shekara 34? Kuma ta fuskar tafiyarku ma ya fi: a zuwan farko za a buɗe a wanke, a sa magani a rufe da cikon wucin gadi, ki ba shi 'yan kwanaki ya lafa, ki yi tafiyarki, a ƙarasa in kin dawo. Ki dai dawo ki ƙarasa ɗin, don da yawa daga nan suke ɓacewa sai cikon ya faɗi.

In kuwa cirewa ce, lissafin kwanaki ya zama dole. Busasshen gurbi a makon farko yake zuwa in zai zo, naman kuma yana son mako ɗaya zuwa biyu kafin ya rufe. Don haka a cire aƙalla kwana goma kafin tafiya. Mako ukun da kike da shi ya isa har da rara in kika je jibi, amma in kika tsaya jan ƙafa har saura kwana uku, kin rasa duka biyun.

Bayan an cire, ki cije audugar da aka sa miki kamar rabin awa ba tare da kina leƙawa ba. Ranar farko ba kurkure baki, ba yawan tofar da yawu, ba zuƙar lemo da tsinken roba, ba sa harshe ko yatsa a ramin. Nan ne da yawanmu ke yin ɓarna ba mu sani ba, saboda alwala: sau biyar a rana mutum yana guntsar ruwa yana wasa da shi da ƙarfi yana fesarwa. A mazhabar Malikiyya kurkure baki sunna ce a alwala ba farilla ba, don haka ranar ki ɗan jiƙa kawai ki bar ruwan ya zubo da kansa. Washegari sai ki fara ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a hankali, bayan kowane cin abinci. Kunu da koko da fate masu ɗumi, ba masu zafi ba. Daka da wankin bargo su jira kwana biyu. In kika ji ciwo yana ƙaruwa a rana ta uku maimakon raguwa, kada ki sake cije baki ki kwana bakwai, ki koma a ranar.

Za a kawo miki shawarwari, na sani, don ba a rasa su. Ruwan batir, fetur, asfirin da ake dannawa a dasashi, duk ƙona nama suke yi su bar cutar inda take. Mai turare da ke fitar da tsutsa daga haƙori a kasuwa, shi ya san inda ya samo tsutsarsa, amma ba daga bakinki ba. Kanumfari dai gaskiya ne yana kashe zafi na ɗan lokaci, man da ke cikinsa ma likitoci na aiki da shi, sai dai rarrashi ne kawai.

Wannan kuma ki riƙe shi da kyau ko kin manta da sauran. In fuskarki ta kumbura har ta doshi ido ko ta gangara ƙarƙashin haɓa, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ko numfashi ya fara wuya, ba zancen jiran gobe, sashen gaggawa za a kai ki ko ƙarfe nawa ne. Cutar turmin ƙasa tana iya bin ƙarƙashin harshe ta toshe maƙogwaro, kuma tana kisa. Ba don in tsorata ki na faɗa ba, sai don ki gane abin da ya sa ba na son ki da wannan ƙurjin a tsakiyar daji.

Saura maigida. Ki gaya masa yau da daddare bayan yara sun kwanta. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma mutumin da ya ɗauki adashi don ya kai ki ki huta bai cancanci ya gano a Wikki cewa kin yi wata guda kina ɓoye masa ciwo ba. Ba kuɗin ne za su fi ƙona masa rai ba, ɓoyewar ce. Kuma ina zargin bai san ainihin abin da ya faru bara ba. Wataƙila kin dawo kin ce an cire, da zafi, shi ke nan. Ki ba shi labarin duka, har da hannun da aka sa aka danne ki. Sannan ki ce masa: "Abban yara, tafiyar nan ina son ta fiye da yadda kake zato, shi ya sa nake so ka raka ni asibiti makon nan don kada haƙori ya ɓata mana ita." Kin ga kin toshe masa hanyar fasawa tun kafin ya buɗe baki. Maganar kuɗin aiki kuma, in kina cikin tsarin inshorar lafiya na ma'aikata ki tambaya abin da ya ƙunsa kafin ku taɓa guzuri.

In likita ya duba ya ce aikin ba zai kammalu a kan lokaci ba, ku nemi a matsar muku da kwanakin, kada ku soke. Ba ku yi asara ba. A Disamba ciyawa tana da sauran tsawo, ruwa bai gama janyewa daga cikin daji ba, dabbobi a warwatse suke. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ne suke taruwa a bakin kogin Gaji, an fi ganin su, sai dai a sha zafi.

Wurin kuwa ya cancanci wahalar, kada labarina ya sage miki gwiwa. Daji ne mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200 a ƙaramar hukumar Alkaleri, an keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Daga Kano za ku bi ta Birnin Kudu da Ningi ku shiga Bauchi, ku ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ku karya zuwa Mainamaji inda ƙofar take. Ku fita da sassafe don ku isa da rana tsaka, kuma maigida ya tambayi mutanen Bauchi halin da hanya ke ciki a makon tafiyar, kamar yadda ake yi wa kowace doguwar hanya yanzu. Kada ku yi wa yara alkawarin giwa. Akwai su, amma ba su da ranar fitowa. Gwanki, gwambaza, mazo, ɓauna in an yi sa'a, gadu kuwa har tsakanin ɗakuna suke kiwo da 'ya'yansu a baya, jela a miƙe.

Ruwan Wikki shi ne abin da ba za ki manta ba. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓulɓulowa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau har kina ganin yatsun ƙafarki a kan farin yashi. Ki je da sanyin safiya kafin jama'a su cika, lokacin tururi ke tashi a kansa saboda hunturu. Ki tanadi doguwar riga mara nauyi da wando na shiga ruwa, da zanin da za ki yafa in kin fito. In cirewa aka yi miki, ki shiga iya ƙirji, kada ki nutsar da kai ko ki bar ruwan ya shiga baki. A motar zagaya daji ki rufe baki da hanci da mayafi, don iskar safiya ba ta raga wa sabon aiki. Gishiri kaɗan a ƙulli, da lambar wayar likitanki.

Maganinki kuma ki sa shi a jaka mai zif, jakar a cikin ɗaki, ɗakin a kulle har taga. Kada ki zauna a ƙofa da leda a cinya.